Tutar da diraktar ya kafa wa jirgina a goshi

Shekara uku ina karantarwa a lekwal, wato makarantar boko, ta Gure, kowace shekara ina rubuta takardar roƙon a mai da ni Damagaram. Tsohuwata na can, ƙafa ta ƙi, ido ya fara rufewa, ni ne kuma ɗanta namiji guda. Takardun nan ko amsar "mun gani" ba su taɓa samu ba.

Wani Bature da muka yi aiki tare, da zai koma ƙasarsu, ya bar mini kwalin kayan haɗa ƙaramin jirgin sama. A ciki akwai ƙaramin inji, da katako marar nauyi, da zane, da akwatin rediyo mai sanduna biyu da ake tuƙa jirgi da shi daga ƙasa. Wata biyar na yi ina mannawa. Jirgin fiffike ɗaya ne mai kusurwa uku, kamar kan mashi, ba shi da jela sai wani ɗan allo a tsaye ta baya.

Ya tashi kam. Amma da ya hau sama sai ya kama kaɗa kai, dama, hagu, dama, hagu, ni kuwa ban taɓa sanda ba. Masu shayar da raƙuma a rijiyar bayan lekwal suka samu abin kallo. Wani dattijo ya ce ƙuda ne ya shige masa kunne, wani ya ce a yi masa lalas da ƙarfe mai zafi a wuya. Na ji haushi ƙwarai, har na daina gaishe su kwana biyu.

Daga baya na gane ciwon. Ɗan allon bayan nan ya yi ƙanƙanta, iska ba ta samun abin da za ta riƙe ta miƙe shi. Na yanko babba na manna, kuma don kwalliya na shafa masa launin tutar ƙasa. Tubarkalla! Ya miƙe ɗoɗar, ko gezau.

Ana haka aka ce ansifekta, mai duba makarantu, yana tafe. Shi ne ke sa hannu a takardun canjin wuri. Na ce a raina, in ya ga jirgin nan ya ji daɗi, sai in miƙa masa ƙoƙon barata.

Ana jibi zai zo, diraktarmu, shugaban lekwal, ya ce in kawo jirgin ya gani. Mutum ne da ko tari ba ya yi sai ya duba ko akwai na sama da shi a kusa. Ya juya jirgin, sai ya dafe ƙirji, ya kira ni yadda ake kiran malamin lekwal a wajenmu.

"Mushe, tutar ƙasa ce ka sa a gindi? A zamanin sojan nan? So kake a kwashe mu duka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai nan ne wurin aikinta. In ta bar nan, kai zai dinga kaɗawa."

Ya ce, "A motar kumandan ina tuta take? Gaba ko baya?"

Na ce gaba. Ya ce to magana ta ƙare. A gabansa na ɓamɓare allon, na mai da ƙaramin na da, na kafa babban mai launin tuta a goshi. Wallahi na ji takaici, amma ta teburinsa takardata za ta bi.

Ranar, an jera kujeru a fili, yara sun yi layi. Na tada inji na sake shi. Wayyo! Da can kai kawai yake kaɗawa, yanzu har da kafaɗa, yana tangaɗi kamar jakin da aka yi wa kaya gefe guda. Gumi ya jiƙe mini riga. Ina ji ansifekta ya tambayi abin da ke damunsa. Diraktar ko ƙifta ido bai yi ba.

"Gaisuwa yake yi, ranka ya daɗe. Ya gaida manyan dama, ya gaida na hagu. Mu muka koya masa."

Aka ɓarke da tafi. Da ƙyar na jawo shi, ya faɗa kan tudun rairayi, fiffike ya tsage, tuta dai tana tsaye. Ansifekta ya tashi da kansa ya ba ni hannu, ya karɓi takardata ya sa a aljihun gaba. Ranar har tuwo na ƙara.

Bayan sati uku amsa ta zo, karo na farko. Diraktar ya karanta mini ita yana murmushi, wai malami mai irin wannan basira ba a raba shi da yaran Gure, kuma a gyara jirgin don baƙin baɗi.

Kafin hutun damina tsohuwa ta cika. Direban motar da ke kawo wasiƙu ne ya tsaya ƙofar gidana ya faɗa mini, ya ce kwana huɗu ke nan da aka kai ta.