Ɗiyar Mai Zare Filogi

Shekara tara ke nan da muka kai Sagir makwancinsa, kuma duk lokacin da shekara ta zagayo sai abokan aikinmu su matsa mini in rubuta wani abu a kansa, tunda tare muka tashi a Ƙofar Marusa. Kullum nakan zille. Na san abin da suke son karantawa: mutumin kirki, mai haƙuri, mai son ci gaban matasa. Ni kuwa ban iya yi wa mamaci ƙarya ba, balle wanda na sani tun muna yawo ba wando. Bana na ɗauki alƙalami ne saboda 'yarsa Nafisa, wadda ta shigo aikin da ubanta ya bari, ta tarar mutanen da ya ci wa mutunci suna nan zaune suna jiran wanda za su huce a kansa.

Bari in yi wa wanda bai san aikin ba bayani. Idan ka buɗe shafin makarantar ɗanka a waya don duba sakamako, akwai wata kwamfuta a wani wuri da take miƙo maka shafin. Saba ake ce mata. Manhajar da ke tafiyar da irin wannan kwamfuta muka haɗu muka rubuta, muka sa mata suna Randa. Ba ta kowa ba ce. Rubutunta a buɗe yake a intanet, kowa na iya ɗauka kyauta, ya karanta, ya kawo gyara. Muna da zaure, shi ma a intanet, inda mai gyara yake ajiye aikinsa, sauran mutane su duba su faɗi ra'ayinsu a idon duniya. Mu 'yan Katsina muka fara a bayan wani shagon gyaran kwamfuta, daga baya har waɗanda ba mu taɓa ganin fuskarsu ba suka shigo.

Doka biyu Sagir ya kafa, har yau da su ake aiki. Ta farko ita ce gwajin filogi. A ganinsa manhajar da aka rubuta a ƙasar da ba a ɗauke wuta ba ta san duniya ba. Saboda haka duk wanda ya kawo gyara, ranar Asabar za a ɗora shi a kan wata tsohuwar kwamfuta a shagon, a bari aiki ya kankama, sai Sagir ya miƙa hannu ya zare filogin daga bango ba sallama. A mayar. Idan Randa ta farfaɗo da komai nata daidai, aikinka ya shiga. Idan ta tashi a birkice, ka shiga uku. Doka ta biyu kuwa, ba a goge ko harafi ɗaya daga abin da aka rubuta a zaure.

Dokar farko ita ta sa Randa ta zama abin da ta zama, wannan ba zan hana shi ba. Ƙananan asibitoci da makarantun da wutarsu ke zuwa tana tafiya sun same ta ba ta ba da kunya. Amma Allah ya ba Sagir kai, ya haɗa masa da baki mai dafi. Ba ya tsayawa a kan cewa aiki bai yi ba. Sai ya nemo inda zai fi yi wa mutum ciwo, sana'arsa ko garinsu ko shekarunsa, ya soka a nan, ya kuma zauna ya tsara maganar da kyau yadda duk wanda ya karanta ba zai manta ba.

Wanda ya fi kowa shan ta shi ne Malam Bashir, malamin sakandare daga Batagarawa, mutum mai sanyin hali da yake hawo babur duk Asabar. Ya yi wata da watanni yana wani gyara da zai sa shafi ya buɗe da wuri ko da sabis ba ƙarfi. Aka ɗora, aka zare filogi, aka mayar, Randa ta tashi ba ta gane kanta ba. A shagon har shayi Sagir ya miƙa masa. Sai da mutumin ya koma gida ya tarar da wannan a zaure: “Bashir, idan haka kake koyar da 'ya'yan mutane, iyayensu sun yi asarar haihuwa sau biyu. Ka koma Batagarawa ka riƙe fartanya, ko gero ya amfana da kai.” Ɗalibansa suka tono maganar. Aka ce har ya bar makarantar nan, idan ya juya baya yana rubutu a allo sai wani ya yi ƙasa da murya ya ce, “Fartanya.” Ya zo har gida ya roƙi Sagir ya cire. Sagir ya ce doka doka ce.

Bashir bai bar aikin ba. Ya daina dariya, ya daina shan shayin shago, ya duƙufa har ya zama babu mai tsabtar aiki kamarsa. Da ciwon ƙoda ya ɗauke Sagir, babu gardama a kan wanda zai gaji filogin. Shi ya karɓa.

Nakan tambayi kaina me marigayin zai ce da ya leƙo yau. Yanzu shagon na da sola, wuta ba ta yankewa sai an yanke ta da gangan, har wasu yaran suna cewa gwajin filogi ƙauyanci ne. Na san da ya wanke su tas. Zai ga kuma an sake rubuta kusan duk abin da ya rubuta da hannunsa, wannan ba na jin zai dame shi, don bai taɓa ɗaukar tsohon aiki da daraja ba ko da nasa ne. Abin da ban iya hasashensa ba shi ne fuskarsa da zai ga sunan 'yarsa a zauren.

Nafisa tana 'yar shekara goma sha uku ya rasu. Uban da ta sani daban ne da Sagir ɗin da muka sani. A gidansu na Kambarawa Sagir ɗan lallashi ne, shi ke yi mata bitar karatu, shi ke ɓoye mata tsire a aljihu kada yayyenta su gani. Saboda shi ta karanta kwamfuta. Da ta gama ta zo ta gaishe ni ta ce za ta kai gyaranta na farko Randa. Na ce ta shiga da wani suna, ana yin haka, ba laifi ba ne. Ta dube ni da mamaki.

“Baba Lawal, in ɓoye sunan mahaihina a aikin da ya kahwa? Ai da shi zan shiga.”

Da shi ta shiga, Nafisa Sagir, ɓaro-ɓaro. Gyaran nata ba shi da muni ga mai farawa, amma bai tsallake filogi ba, kuma da wuya na farkon kowa ya tsallake. Bashir bai ƙara ko kalma ɗaya tasa ba. Ya kwafo abin da aka rubuta masa, ya cire Bashir ya sa Nafisa, ya cire fartanya ya sa muciya, sannan ya rubuta a ƙasa: “Maganar mahaifinki ce. Na ajiye miki.” Daga nan sai layi ya kafu. Ashe kowa na da tasa a ajiye. Wanda aka ce masa kansa na ɗaukar hula ne kawai ya kawo tasa, wanda aka ce digirinsa ya dace da naɗe ƙosai ya kawo tasa, kowanne da sunan marigayin a ƙasa. Magidanta masu furfura, wasu har da jikoki, suka taru a kan yarinyar da ko sanin an yi ba ta yi ba. Na rubuta cewa su ji tsoron Allah. Aka amsa mini da cewa ai babu wanda ya zage ta, ubanta ne ke magana.

Ta zo wurina idonta a kumbure. Ba ta tambaye ni ko gaskiya ne ba, don ta riga ta bi ta ga na asalin. Roƙonta ɗaya, tunda ina cikin masu riƙe da mabuɗin zauren, in goge duk abin da ubanta ya rubuta kafin ƙannenta su girma su gani. Na ce mata ba zai yiwu ba. Ko na karya dokar, zauren nan yana cikin kwamfutocin mutane a ƙasashen da ban san sunansu ba, duk wanda ya ɗauki Randa ya ɗauka har da tarihinta. Ta tashi daga bakin tabarma, ta yi sallama ta tafi. Tausayinta ya hana ni cin abinci ran nan.

Damina guda ba a ji ɗuriyarta ba. Mutanenmu suka saki jiki, wasu har suna cewa an biya bashi. Uwarta ce ta gaya wa matata cewa yarinyar ta kulle kanta a ɗaki tana karanta duk abin da ubanta ya taɓa rubutawa a zauren, tun daga na farko, kuma ta sayi tsohuwar kwamfuta tana ta zare mata filogi har ƙannenta sun fara tsoron ko ta taɓu.

Bayan kaka ta dawo da gyara, a daidai ɓangaren da ya kayar da ita. Ina shagon ranar. Bashir ya zare, ya mayar, Randa ta tashi garas. Ya sake, ya sake, ya canza lokacin zarewar, har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ita tana tsaye daga bakin ƙofa da mayafinta, ko zama ba ta yi ba. Da ya gaji sai ta ce, “Malam, in hannunka ya gaji a ba wani ya taya ka.” Aiki ya shiga. Na biyu ya shiga, na uku ya shiga. Ba a jima ba aka ba ta ikon duba aikin wasu, don babu hujjar hana ta.

Na yi murna, na ɗauka ga ranar da za a ga bambanci. Wasu kuma suka zuba ido su ga ta rama a kan Bashir. Ta nema, na tabbata ta nema, amma aikin Bashir ba shi da inda za a sa yatsa, ubanta ya riga ya gasa shi ya gasu. Sai ta juya kan waɗanda za ta iya. Wata yarinya da ta zo da zumuɗi ta sha baƙar magana guda ɗaya ba ta sake dawowa ba. Wani ma'aikacin asibiti da ke koyo a lokacin hutunsa ya rufe shafinsa gaba ɗaya. Sagir da zafi yake yanka, wani lokaci har ka ga alamar ya ji haushin aikin ne. Ita da ladabi take yi, ta fara da gaisuwa, ta rufe da addu'a, a tsakiya ta kashe mutum.

Watan jiya na kai nawa ɗan gyaran. Ni ba gwani ba ne, kowa a zauren ya sani, kuma kowa ya san shekara da shekaru ana rufa mini asiri: Sagir yakan gyara kuskurena shiru saboda ƙuruciyar da muka yi tare, Bashir ma ya ci gaba da kawar da kai. Asabar ɗin shagon ita ce abin da ya rage mini tun da na yi ritaya. Gyaran ya faɗi a filogi. Kafin la'asar amsarta ta fito: “Baba Lawal, barka da ƙoƙari. Na duba duk abin da ka kawo tun farkon Randa, ban ga wanda ya tsaya da ƙafarsa ba. Abokinka da ke ɗauke maka ya rasu. Ka huta haka nan, jikoki sun fi mu bukatarka. Allah ya ƙara lafiya.” Babu wanda ya ce ta ji tsoron Allah. Bashir ne kaɗai ya sa hannu a ƙasa, alamar ya amince. Tun ranar ban koma shagon ba.

To, ga abin da ya rage na Sagir bayan shekara tara. Rubutunsa na manhajar an shafe shi da wanda ya fi shi. Shagon ma an sake masa fenti. Manhajar tana nan tana yi wa mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba aiki, ina roƙon Allah ya sa wannan a mizaninsa, ya yafe masa sauran, don ni dai na so shi da halinsa. Nafisa kuwa ba su kore ta ba, ta zauna daram a wurin ubanta. Abin da aka kora daga jikinta shi ne yarinyar da ta zo tana kuka don kada ƙannenta su ga mugun baki.

Ranar da ya cika shekara taran ta zo gidana da kwanon wainar sadaka daga uwarta. Ta durƙusa har ƙasa kamar kullum, ta tambayi ƙafata, ta tambayi gida da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Na amsa. Da ta miƙe za ta tafi na kasa haƙuri, na ce, “Nafisa, ni ne fa na yi miki huɗuba ranar da aka haife ki.”

Ta gyara mayafinta, fuskarta a sake, babu ko ɗigon fushi.

“Na sani, Baba. Aikin ne bai yi ba. Ka ci wainar tun da sauran zahi.”