Ranar da Inna ta gane hasbiya a kan rumbu

Shekara biyu mahaifiyata ta yi ba ta gani. Yanar ido ce ta rufe mata idanu, amma ta ƙi asibiti, ta ce ba mai sa mata wuƙa a ido. Lokacin muna zaune a wani ƙauye kusa da Tsaskiya, ina koyarwa a firamare. Na yi ta lallashi har kaka ta wuce kafin ta yarda. Na goya ta a babur zuwa Safana, ta ƙanƙame mini riga, duk ramin da muka faɗa sai ta yi salati. Daga nan muka shiga mota zuwa Katsina.

Ido ɗaya aka yi wa aiki. Da aka cire audugar, ta ce tana ganin haske da giftawar mutane, ba ta ƙara komai ba. Muka dawo gida raina a jagule, ina ganin na wahalar da tsohuwa a banza.

Kwana biyar da dawowarmu, da hantsi, tana zaune a kan tabarma, matata tana sheƙar gero. Wata tsuntsuwa ta sauka a kan rumbu. Yayana, wanda tun farko bai so tafiyar ba, ya ce, "Kurciyoyin nan sun dame mu, ga wata can ta iso."

Inna ta ɗaga baƙin tabaran da aka ba ta, ta daɗe tana kallo.

"Wagga ba kurciya ba ce," in ji ta. "Hasbiya ce."

Na ce, "Inna, kukanta kika ji?"

"Ka ji ta yi kuka? Ku dai duba. Ja ya zagaye mata ido, ga ɗigo-ɗigon fari a fiffike. Ina kurciya ta kai wanga girma? Ita 'yar ƙarama ce, wutsiya doguwa, zanenta a wuya yake. Ga ta can ma bakin turmi tana tsintar tsaba. Ba ruwanta da tsoron mutane, ko a 'yar ƙaya sai ta yi sheƙa. Hasbiya kuwa sai giginya ko saman soro."

Muka waiwaya. Kurciya na nan a bakin turmi, duk cikinmu ba wanda ya lura da ita.

Matata ta ajiye faifai ta rangaɗa guɗa. Yayana ya durƙusa gaban Inna yana ta alhamdu lillahi. Ni ƙofar gida na fita, duk wanda ya zo wucewa sai na tare shi da labari, har da wani Bafulatani da ban taɓa gani ba. Ya tsayar da shanunsa ya saurare ni tsaf, ya ce barka.

Da la'asar mata suka cika gidan. Inna ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana faɗin launin zanen kowa. Da ta zo kan ƙanwarta sai ta tsaya, ta ce, "Ke, yaushe kika yi furfura haka ba wanda ya gaya mini?"