Maɗacin Mainasara

Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya a unguwarmu ya san Mainasara kafinta, kuma ya taɓa jin haushinsa. Shagonsa yana kan hanyar Zango, gab da fita daga Daura, rumfar kwano ce da ɗan ɗaki a baya. Aikinsa ba ya lalacewa, amma ba ya zuwa a kan lokaci. Akwai gadon wata amarya da ya kai Sandamu ranar sunan ɗanta na fari. Har yau ana ba da labarin, shi ma yana bayarwa, sai dai yakan ƙara da cewa yaron ya shiga sakandare, gadon kuwa ko ƙara ba ya yi.

Ɗan kawuna ne, ni 'yar gwaggonsa, wato taubasai muke. Tun muna yara yake kirana baiwarsa, ni kuma da muka girma na sa masa Malam Gobe, don ba a taɓa tambayarsa aiki bai ce gobe ba. Mahaifinsa masassaƙi ne a Sandamu, mai turame da ƙotoci da akusa, a wurinsa ya san itace. Ya yi 'yan shekaru a Kano yana koyon kujeru da gadaje, ya dawo da kayan aiki a buhu da ɗabi'a guda. Kafin ya sa zarto a katako sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya kara kunne. In sautin ya fito a dushe, to akwai sauran ruwa a ciki, sai ya mayar da shi saman rumfa ko da mai aikin yana tsaye yana kumfar baki. Bai iya kiɗa ba, bai damu da shi ba, daga ɗaurin aure gida yake komawa. Shi ke gyara makarar masallacin unguwa, kuma wannan ne kaɗai aikin da ban taɓa jin ya jinkirta ba.

Anwar ɗana ne na fari. Yana raye ban saba kiran sunansa ba, kamar yadda muka ga iyayenmu suna yi, a takarda ne hannuna ya saba da shi. Da sikila aka haife shi. Ya tashi ya san asibiti kamar gidan kakarsa, amma ya yi karatu har jami'a a Katsina. A wani hutu abokansa suka ja shi biki a Zango, inda aka ɗauko makaɗa masu jita daga Damagaram. Kowa yana kallon mawaƙin, shi yana kallon wani dogon mutum da ke tsaye a baya da jita mai dogon wuya da wayoyi huɗu masu kauri. Ita ake kira bes. Ba ta da zaƙin murya irin na sauran, sautinta a ƙasa yake, ƙirji ke fara jinsa kafin kunne.

"Umma, ita kowa ke bi yana rawa," in ji shi da ya dawo, "amma ba wanda ya san ita yake bi."

Ya samu wata tsohuwar bes a wani situdiyo a Katsina, inda ake buga waƙoƙin biki, ya koya da ita. Matsalarta nauyi. Ciwon ya riga ya taɓa ƙashin kafaɗarsa, in ya rataya ta ba ya daɗewa sai ya sauke. Mahaifinsa, Malam Lawal, ba ya son harkar, amma ya ce in dai ba bin biki zai yi ba, a bar shi. Da wannan izinin ya tafi shagon Mainasara.

"Kawu, jita za ka yi mini."

"Molo dai?"

"Bes. Mara nauyi."

"Ni da ko gangar yara ban taɓa sassaƙawa ba? Uwarka ce ta turo ka ka yi mini tsiya."

Anwar ya fito da waya ya nuna masa hotuna, da awon tsawon wuyan, da tazarar da ke tsakanin ƙananan ƙarafan da ake jerawa a gicciye a kansa. Mainasara ya daɗe yana kallo. Daga nan ya jawo kwali ya fara zane, ya bar wata kujera da rabin ƙafa.

Wannan ne aiki na biyu da na san ya yi da sauri, kuma Anwar ne ya matsa masa. Gangar jikin da alilliba ya yi ta, itacen da masu kalangu ke so, ya rarake cikinta har ta zama ba nauyi. Ƙarafan wuyan wayoyin ƙafar keke ne, ya daddatsa ya goge su ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabcinsa Sabiru mai gyaran rediyo ya ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika, ya naɗe shi da siririyar wayar tagulla ta cikin mataccen fanka, ya ce wannan ne zai ɗauki motsin wayoyin ya miƙa wa amfilifaya. Wayoyin kansu da kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure su, wani direba ya sayo a Damagaram. Wuyan ne kawai Mainasara ya yi ba da son ransa ba. Ba shi da busasshen katako mai wannan tsawon, ya sayo a wurin 'yan katako, ya ƙwanƙwasa, ya yamutsa fuska, Anwar ya ce ai haka ma ya yi.

Ranar da aka jona ta, Sabiru ya ce kwanon rumfar sai da ya ɗauki rawa. Mainasara ya ɗora tafin hannu a jikin jitar yayin da Anwar ke taɓa waya mafi kauri, ya ƙi ɗagawa.

"Ashe haka itace ke magana," in ji shi.

Anwar ya zo da ita gida. Daga la'asar zuwa kusan magariba yana ɗakinsa yana bugawa, ni ina tsakar gida ina duba takardun ɗalibai, kwanukan da ke cikin kabad suna ta 'yar tsuwa. Har mahaifinsa na taɓa gani yana kaɗa ƙafa, da ya lura na gani sai ya tashi ya shiga alwala. A iya sanina waɗannan watanni su ne mafi daɗi a rayuwar yaron.

Da rani ya yi nisa wuyan ya fara lanƙwasa. Wayoyi huɗu masu kauri ba ƙaramin ja suke yi ba, katakon kuma yana bushewa yana bin su. Wayoyin suka yi nesa da ƙarafan, sautin can kusa da jiki ya daina zama daidai. Anwar bai damu ba, ya koma bugawa ta wajen kai, kusa da kunnuwan, inda abin bai ɓaci ba. Wata rana wani noti ya saki, ya kai ta shago a ɗaure masa. Mainasara ya ɗaga ta, ya rufe ido ɗaya, ya hango tsawon wuyan. Sai ya fara kwance wayoyin.

"Kawu, noti kawai na ce."

"Wannan ba wuya ba ne, lauje ne."

"Ni yana yi mini."

"Ni bai yi mini ba. In wani ya gani ya ce wa ya yi wannan, sai ka ce Mainasara?"

Ya ce zai yi masa na maɗaci, ya sa rodi a ciki, wuyan da jikan Anwar zai gada a miƙe. Ya hau mashin ya tafi garin Dutsi, inda aka sare wani babban maɗaci a shekarar, ya dawo da faffaɗan katako ja. Ya yanka shi gida-gida don ya zaɓi mafi kyau, ya jera a saman rumfa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Daga nan sai jira.

Damina ta zo ta wuce. Anwar ya koma makaranta, ya dawo, ya sake komawa. Duk hutu yana shagon, a zaune kan benci da gangar jitar a cinyarsa, ba wuya ba waya, yatsun hannunsa na hagu suna tafiya a iska. Mainasara yakan hau tsani ya ƙwanƙwasa katakon, ya sauko ya ce saura kaɗan.

"Kawu, itacen nan ya fi ni haƙuri."

"Shi ya sa na haɗa ku, ka koya."

Ba su taɓa faɗa a kai ba. Anwar yana son kawunsa, kuma shi ma yana son ganin wuyan maɗacin. Amma ni ina ganin yatsun nan suna motsi a kan tabarma, a kan gadon asibiti, a kan cinyarsa in muna cin abinci. Don haka wata rana na tashi daga makaranta na biya shagon.

"Malam Gobe, ka ba yaro kayansa."

"Yaushe baiwa ta fara ba ubangidanta umarni? Zauna, ga benci, kada ki karya."

"Ka mayar masa da karkataccen. In sabon ya bushe sai ka canza."

"Alilliba ba ta son a ɗaura a kwance. Ramukan notin za su buɗe, sai a rasa duka biyun."

"Mainasara, ka san jikinsa."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Tun da nake da shi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Na san masu irin ciwonsa da suka ga jikoki. Kada ki ƙara kawo mini wannan magana a shago."

Ban ƙara ba. A hanya na gane cewa a wurinsa yin sauri daidai yake da yarda da abin da na je faɗa, shi kuma bai yarda ba.

Anwar ya gama jami'a, yana jiran a tura shi bautar ƙasa. A tsakiyar damina ta biyu zazzaɓi ya kama shi, ya koma ciwon ƙirji. Mun sha ganin irinsa ya tashi. Wannan karon bai tashi ba, ya rasu a asibiti da hantsi.

Mata ba sa zuwa maƙabarta, abin da ya faru a can daga bakin mahaifinsa na ji. An gama haƙa, aka duba itacen da ake jerawa a rufe kan mamaci kafin a zuba ƙasa, aka tarar bai isa ba, don an yi rashe-rashe a makon. Ana shawarar wanda za a aika, sai aka ga Mainasara ya tayar da mashin. Bai jima ba ya dawo da jajayen katakai a ɗaure a baya. Shi ya shiga ya jera su da hannunsa, yana gwada kowanne ya zauna daidai. Wani dattijo ya ce masa wannan ai katako ne mai daraja, a bari a samo na gama-gari.

"Nasa ne," in ji Mainasara.

Duk kwanakin zaman makoki yana ƙofar gida tare da maza, bai shigo ba. Sai da mutane suka ɗauke ƙafa ya yi sallama wata safiya, da wani abu naɗe a zanen gado. Ya zauna a bakin ƙofa, nesa da tabarmar da na shimfiɗa masa.

"Hajiya Maijidda, ya haƙuri?"

Bai taɓa kirana haka ba. Na amsa. Ya yi wa yaron addu'a, na ce amin. Ya sunkuyar da kai, sannan ya ce:

"Ya bushe tun bazara. Na ƙwanƙwasa, ya amsa. Na ce bari damina ta wuce in ga ko zai motsa."

Na ce masa kwana ya ƙare, ba wanda zai ƙara masa ko ya rage. Gaskiya na faɗa, shi ma ya san gaskiya ce. Ya gyaɗa kai ya kwance zanen. Jitar ce, da tsohon wuyanta mai lanƙwasa, wayoyin a ɗaure.

"Noti huɗu ne," in ji shi. "Kafin shayina ya huce na gama. Ramukan da na ce miki ba za su riƙe ba, sun riƙe."

Ya jingina ta da bango, ya yi sallama ya fita. Da na ɗaga ta zan kai ɗakin Anwar sai na ga rubutu a bayan wuyan, daidai inda ya fi lanƙwasa, an ƙona shi da ƙarfe mai zafi: Mainasara Sandamu. Ban taɓa ganin ya sa sunansa a gado ko ƙofa ba.

Jitar tana nan a ɗakin. Wani abokin Anwar na situdiyo yakan biyo in ya zo Daura, ya jona ta ya ɗan buga ta wajen kai, kwanukan kabad su amsa. Ya taɓa cewa in na yarda za a iya canza mata wuya a Kano. Na ce a bar ta.

Mainasara yana shagonsa. Gashinsa ya yi fari, ya daina hawa tsani, sai ya sa a sauko masa da katako ya ƙwanƙwasa a ƙasa. Har yanzu iyayen amare suna zuwa suna faɗa suna tafiya. Kwanan baya na bi ta wurin, na tsaya na gaishe shi yadda na saba a da, ko za mu koma wasanmu na taubasai.

"Malam Gobe, ina kwana?"

"Lafiya lau, Hajiya," in ji shi, ya miƙe ya goge mini benci.