Sakwarar Madam da kunyar Kawu

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Gombe, ni da kawuna, ina tuƙi yana yi mini gyara. Wani tsohon abokinsa ne Ibo, da suka daɗe suna aikin jirgin ƙasa tare, zai tattara ya koma garinsu gaba ɗaya, ya ce lallai Kawu ya zo Kano su ci abincin bankwana a gidansa. Dukansu sun manyanta, kowa ya san da wuya su sake haɗuwa.

Hanyar Dukku zuwa Darazo kam sai addu'a, wannan rami ya sake ka wancan ya karɓe ka. A Birnin Kudu na sha mai, da na ji kuɗin sai da na tambaya ko har da famfon aka sayar mini. A Wudil na sayi soyayyen kifi, Kawu ko kallo bai yi ba. Bafulatani ne na gaske, tun da nake ban taɓa ganin ya kai loma baki a gaban mutane ba.

Muka sauka a Fagge gidan ƙanwarsa, cikin wani lungu da ƙarar kekunan ɗinki ba ta tsayawa. Aka kai masa tuwo ɗaki, aka ja ƙofa, kamar yadda aka saba yi wa baƙo.

Washegari bayan azahar muka hau adaidaita zuwa Sabon Gari, don mai neman wurin ajiye mota a can ya nemi wahala. Muna isa tsohon ya rungume Kawu yana cewa, "Malam, ashe rai kan ga rai!" Hausarsa ta fi tawa. Matarsa, da kowa ke kira Madam, ta cika tebur da sakwara da miyar agushi da farfesun akuya. Ta kawo ruwan wanke hannu, ta zuba wa kowa da kanta, sannan ta ja kujera ta zauna daidai gaban Kawu. A wurinsu karramawa ke nan, a zauna da baƙo a ga yana ci.

Ni dai tuni na yi bisimilla. Kawu kuwa ya taɓa gefen sakwarar, ya janye hannu, ya ce, "Alhamdulillahi."

Madam ta ce, "Malam, tukunyar sabuwa ce, jiya na saya. Akuyar ma limamin layinmu na roƙa ya yanka." Wallahi tausayinta ya kama ni.

Mijin ya ce mata, "Ƙyale shi. Ko a wurin aiki bayan tarago yake zagayawa da kwanonsa. Na daɗe da sanin ba ya cin abinci da irinmu. Na dai ɗauka yau ɗaya zai daure."

Kawu ya ɗago a firgice. "Subhanallahi! Abin da ka ɗauka ke nan duk shekarun nan, kuma ba ka fasa zumunci da ni ba? Kunya ce fa. Ko gaban matata ba na ci."

Sai ya ture nasa farantin, ya jawo na abokin tsakiyarsu, ya sa hannu. Suka ci tare, gumi na keto masa, Madam na ƙara miya. Ya riƙa share ido yana cewa yaji ne. To, farfesun da yaji, amma ba har haka ba.

Kwana biyu muka yi, muka juyo gida lafiya. Da ina ganin ladabin ci a gidan mutane bai wuce wanke hannu da rage loma ba. Yanzu na gane har da sanin abin da mai gida zai fahimta in ka janye hannu, don abin da kake kira kunya, wani ƙyama yake gani. Mun kusa Dukku Kawu ya yi magana, bai dube ni ba. Ya ce, "Da mutumin nan ya tafi ban zo ba, da haka zai mutu yana zaton ƙyamarsa nake yi."