Teburina Ya Sauko Daga Bene

Sanarwa ga al'ummar Matameye: daga yau teburina ya sauko ƙasa.

Aikina rubuta wa mutane takardun ƙara. Jiya Malam Idi ya zo a kekensa na guragu, maƙwabci na shirin cinye masa gona. Na leƙo ta tagar ofishina da ke kan bene, na ce:

"Malam, bari a ɗauko ka."

"Ni ba buhun hatsi ba ne, Alhaji. Farkon zuwan Nasara kakana, makaho, ya yi shari'ar gonar nan. Alƙali ne ya taka ya same shi."

Na sauko, na rubuta a kan cinyata, ƙara ta shiga.

Shekaru ina cewa guragu ba sa kawo ƙara, ashe matakalata ce ke korarsu. Masu yi mini tsiyar bene, bismilla, ga fili. Ni na yi kuskure.