Malama Ramlat da Baƙaƙen Gawayi

Ina cikin takabar maigidana, Allah ya jiƙansa, Malama Ramlat ta yi sallama ta tarar ina surfe ina haki. Ta ajiye jakarta ta karɓi taɓaryar, ba ta tafi ba sai da ta bakace mini. Lokacin ko wata biyu ba ta yi ba da zuwa firamaren ƙauyenmu, nan kusa da Karare. Katanga ɗaya ce tsakanina da makarantar, a ƙofar zaurena nake sayar wa yara gyaɗa.

Gajeruwar mace ce mai saurin tafiya, ba ta iya riƙe bulala ba. Yaran ajinta sun haura saba'in, a ƙasa suke zama, maza gaba mata baya, yadda aka saba. Can baya akwai Hassana, 'yar Hamma mai shanu, kullum ana kawo ƙararta wai tana leƙen littafin wasu. Ni kuwa na lura in ta zo sayen gyaɗa sai ta tsuke ido, kuma ba ta gaishe ni sai ta ji muryata. Na faɗa wa Malama.

Ta ce, "Inna, ashe ke ma kin gani? Yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce, allon ne ba ta hangowa."

Washegari ta nemi gawayi ta rubuta baƙaƙe a bangon zaurena, manya a sama, suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa. Ta auna taku ta ja layi, yara na zuwa ɗaya-ɗaya, kowa ya rufe ido guda da tafin hannu ya karanta. Yara tara ta ware da ba su gani sosai, biyar maza huɗu mata. Hassana layin sama kawai ta iya, shi ma da ƙyar.

Malama ta dawo da taran nan gaban aji. Ba a yi mako ba iyaye suka je wa hedimasta, wai an ɗora mata a gaban maza. Ya bar mazan inda suke, matan suka koma baya.

Ni ma na yi nawa kuskuren. Na ɗauko tabaran marigayi na karatun Alƙur'ani na sa wa Hassana, a ganina tabarau ai tabarau ne. Yarinya ta dafe bango ta ce ƙasa na juyawa. Malama ta yi dariya har da hawaye. "Inna, kin tsofar da ita tun ba ta girma ba! Wannan na ganin kusa ne. Nata sai an auna a Katsina."

Na raka ta rugar Hamma. Ta ce ita da kanta za ta kai yarinyar ta dawo da ita. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Malama, Allah ya saka da alheri. Hanyar nan kin san ta. In ma kun dawo lafiya, wa ke sa gilashi a nan in ba 'ya'yan masu hali ba? 'Yan daji su hango ta, su ce Hamma na da wani abu? Gara ta gani dishi-dishi tana gabana." Ya ƙara da cewa in karatun ya ƙi bana, za ta bi uwarta tallar nono.

Malama ta miƙe, muka yi masa sallama. Muka kamo hanyar gida.

Da damina aka kai hari ƙauyen da ke gabas da mu, mijin Malama ya ce ta tattara ta koma Batsari. Har yau ba a turo wani malami ba, an haɗe ajinta da na gaba. Hassana na zuwa, ina hango ta ta taga, can baya, biro a hannu, ba ta rubuta komai. Ni ba abin da nake iyawa sai addu'a da duban hanya.

Ranar da Malama za ta tafi, har ta hau babur ta sauko, ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, duk malamin da aka turo, ki tare shi tun bai shiga aji ba. Ki ce don Allah ya zaunar da Hassana gaba, ko a gefe ne, bakin ƙofa."