Ƙararrawar da Inna Kurma Ta Ji

Jama'a, wannan da ni aka yi shi, wallahi ba labari aka ba ni ba. Shekarun baya ina zaune a Tudun Wada, sana'ata sarin busasshen barkono, nakan ɗauki hayar akori-kura in bi ƙauyuka. Akwai wata 'yar tashar jirgin ƙasa a arewacin Zariya da nake zuwa, gidaje 'yan tsiraru a fili fetal, layin dogo ya ratsa ta tsakiyarsu. Jirgi ya daɗe bai bi ba, har mata suka mai da layin wurin shanya, don duwatsunsa na ɗaukar zafi, barkono na saurin bushewa.

Ran nan da rana tsaka muka gindaya motar a kan layin muna lodi. 'Yata Hafsa, lokacin 'yar mitsitsiya ce, ta yi barci a gaban mota, direba kuma ya kulle ƙofa don kada ta faɗo, ya tafi masallaci da makullin a aljihu.

Sai ga Inna, mahaifiyar mai masaukina Malam Sale, tsohuwar da ko tsawa aka yi ba ta ji, ta yar da faifai ta kwarma ihu: "An buga ƙararrawa! Ku kwashe, jirgi!"

Ni dai ban ji komai ba, har na fara dariya, amma da na duba sai na ga ba wanda ya taya ni, mata sai jan tabarmi suke, yara na tsallakewa. Malam Sale ya damƙi hannuna ya ce, "Alhaji, a garin nan in an ce an buga, ba a tambayar wa ya ji. Ina yarinyarka?"

Na dafa ƙarfen layin, na ji yana rawa a tafin hannuna. Innalillahi! Dawa ta yi tsayi ta rufe kwanar da layin ya yi, ba a hangen komai, na ja ƙofa ta ƙi, na ƙwala wa Hafsa kira ba ta motsa ba. Ban san sadda na ɗauki dutse na rotse gilashi na fizgo ta ba, muka zube cikin barkono, sai ga kan jirgi shi kaɗai ba tarago, ashe gwajin layi aka fito. Ya kwashi motar kamar gwangwani.

Da hankalina ya dawo na ce a kai ni in gode wa mai ƙararrawa. Malam Sale ya kai ni gindin wata tsamiya, ya nuna mini waya tana lilo. Guntun ƙarfen da ake bugawa, 'yan gwangwan sun daɗe da kwance shi. Mai bugawar kuwa mahaifinsa ne, an binne shi tun kafin a haifi Hafsa.

Inna ta tako da sanda, ta dubi wayar, ta ce da ƙarfi irin na kurame, "Bugun maigidana ne. Amma bai taɓa yin gaggawa irin ta yau ba."

Har gobe in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Don Allah, in kun sauka garin mutane kuka ga sun zabura, ku zabura tare da su, tambaya ta biyo baya.